Ina da lupus, me ya sa likita ya dage sai na yi gwajin bakin mahaifa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 34, ina fama da ciwon lupus. Lokacin da ya taɓa mini ƙoda an yi mini ƙarin ruwan cyclophosphamide, yanzu kuma ina shan mycophenolate da hydroxychloroquine da prednisolone kaɗan. Likitana ya ce in je a yi mini gwajin bakin mahaifa, kuma in riƙa maimaitawa. Ni ba na jin komai a wajen, ban kuma san wani namiji ba sai maigidana. Mene ne haɗin lupus da sankarar bakin mahaifa? Magungunan ne suke kawo ta? Ko in daina sha? Ina da 'ya mai shekara 12, ita ma ina jin tsoro a kanta.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Likitanki ya yi daidai, ki je ki yi gwajin, kuma kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya cikin magungunanki saboda wannan magana. Lupus, wato ciwon da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi jikin mai ita, da kansa ba ya haifar da sankarar bakin mahaifa. Kusan duk sankarar wajen, wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take jawo ta. Abin da lupus da magungunansa suke yi shi ne rage wa jiki ƙarfin korar wannan ƙwayar idan ta shiga, sai ta samu damar zama ta daɗe, daɗewar kuma ita ce matsalar.

HPV dangi ce mai yawa, ta haura iri 200, kowane iri da lambarsa. Wajen 14 daga ciki ne ake lissafawa a masu haɗarin sankara, kuma biyu kacal, wato 16 da 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa a duniya. Lamba 6 da 11 su ke fito da 'yan tsiron nan na gaba masu kama da kan farin kabeji, suna da ban haushi amma ba sa zama sankara. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano 16 da 18 a cikin naman sankara a 1983 da 1984, aka ba shi lambar Nobel a 2008. Ana ɗaukar ƙwayar ta haɗuwar fata da fata wajen saduwa, kuma mafi yawan masu aure, maza da mata, sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba, don ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ƙaiƙayi, ba ta sa komai. A jikin mai lafiya, kusan tara cikin goma garkuwar jiki kan share ta cikin shekara biyu.

Wadda ta ƙi tafiya tana da wurin da take so. A bakin mahaifa akwai wani siririn zobe inda fatar waje mai santsi take haɗuwa da jar fatar cikin ƙofar mahaifa, a nan ƙwayoyin halitta suke ta sauyawa, a nan kuma kusan duk sankarar take farawa. Ƙwayar cutar tana ƙera wasu sinadarai biyu, E6 da E7. Na farkon yana lalata p53, wanda aikinsa shi ne ya kashe duk ƙwayar halittar da ta lalace. Na biyun yana ɗaure pRb, wanda ke hana ƙwayoyin halitta hayayyafa barkatai. Idan aka ɗauki shekaru a haka sai fatar wajen ta fara canzawa. Wannan canjin na kafin sankara shi za ki ga an rubuta CIN a takardar sakamako: CIN 1 ƙarami ne, yawanci yakan warke da kansa, CIN 2 da CIN 3 kuwa su ake yi wa magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga kamuwa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai cikakkiyar garkuwa, amma ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai HIV da ba ta kan magani, yana iya gajarta zuwa shekara 5 zuwa 10. Duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin komai. Don haka rashin jin ciwon da kika ambata ba ya nuna lafiya, shi ne ma ainihin lokacin da gwajin yake da amfani.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda lupus garkuwar jiki ce ta yi yawa, mai shi ba ya saurin kamuwa da cuta. Ba haka ba ne. Garkuwar ba ƙarfi ta ƙara ba, saiti ta rasa, kamar maigadin da ya juya yana dukan masu gida ya bar ƙofa a buɗe. Idan kika duba sakamakon gwajin jininki na baya, wataƙila ki ga fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait sun yi ƙasa, haka ma sinadaran garkuwa na cikin jini da ake kira C3 da C4. Su limfosait ɗin nan su ke da aikin gano ƙwayar halittar da HPV ta shiga su kashe ta. Shi ya sa ko kafin a fara ba mace maganin danne garkuwa, lupus kaɗai ya isa ya sa HPV ta daɗe a jikinta.

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya yi ittifaƙi a kan abu uku: mata masu lupus sun fi sauran mata ɗauke da HPV, sun fi ɗauke da iri fiye da ɗaya a lokaci guda, sun kuma fi samun sakamako mara kyau a gwajin Pap, wato gwajin da ake goga bakin mahaifa a duba ƙwayoyin halittarsa, da kuma CIN mai tsanani. Wani babban nazari na ƙasar Suwidin da aka wallafa a 2017, wanda ya bi rajistar lafiya ta ƙasar gaba ɗaya, ya samu haɗarin irin wannan canji a bakin mahaifa ya kai kusan ninki biyu ga masu lupus, kuma ya fi yawa ga masu shan magungunan danne garkuwa a kan masu shan dangin hydroxychloroquine kaɗai. Ita cikakkiyar sankarar, ƙaruwarta ba ta fito ƙarara a kowane bincike ba, wasu sun ga ƙari, wasu ba su gani ba. Amma a kula da inda aka yi waɗannan nazarce-nazarce: ƙasashe ne da ake aika wa mace takardar gayyatar gwaji har gida, a kama canjin tun yana CIN a cire shi. A Najeriya, inda aka ƙiyasta sabbin masu sankarar bakin mahaifa wajen 12,000 da mace-mace wajen 8,000 a shekarar 2020, mafi yawan mata ba a taɓa yi musu gwajin ba ko sau ɗaya. A ganina bai kamata mace mai lupus a nan ta kwantar da hankalinta da alƙaluman Turai ba, don abin da ya tare sankarar a can shi ne gwajin da mu muke da ƙarancinsa.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Cyclophosphamide shi aka fi dangantawa da CIN, musamman idan an tara mai yawa a jiki. Azathioprine da mycophenolate da tacrolimus da prednisolone mai yawa na dogon lokaci duk suna danne garkuwa. Hydroxychloroquine ba ya cikin wannan sahu, kuma shi ke taimakawa a rage buƙatar sauran, don haka shi ne na ƙarshen da za ki yi wasa da shi. Idan kika daina mycophenolate, ciwon ƙodar na iya dawowa cikin 'yan watanni, a koma ba ki prednisolone mai yawa da wani zagayen cyclophosphamide, ki tashi da garkuwar da ta fi ta yanzu rauni, ga kuma barazanar wankin ƙoda. Ita kuwa matsalar bakin mahaifa shekaru take ɗauka, kuma akwai gwajin da yake kama ta da wuri. Rage magani aikin likitan gaɓoɓi ne, wato mai duba lupus ɗinki, zai yi shi a hankali idan ciwon ya lafa.

Maganar maigida kuma, wannan tana buƙatar a faɗe ta a fili, don ta jawo zargi a gidaje ba gaira ba dalili. Samun HPV ba hujjar cin amana ba ce. Namiji na iya ɗauko ta daga auren da ya yi shekaru da suka wuce, ko ta zagaya tsakanin kishiyoyi ba wanda ya sani, ko mace ta zo da ita daga aurenta na fari. Tana kuma iya kwanciya shiru a fata har gwaji ya kasa ganinta, sai garkuwa ta yi ƙasa ta sake bayyana. Babu gwajin da zai nuna ranar da ta shiga ko wanda ya kawo ta. Kwaroron roba yana ragewa amma ba ya hanawa gaba ɗaya, don ba duk fatar yake rufewa ba. Taba sigari da shisha kuwa, in akwai, a bari, don hayaƙin taba yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna hanzarta lalacewar bakin mahaifa.

Sai batun sau nawa za a yi gwajin. A 2019 ƙungiyar ƙwararrun Amurka masu duba bakin mahaifa, ASCCP, ta ba da shawarar a bi da mace mai lupus kamar yadda ake bi da mai HIV, ko tana shan maganin danne garkuwa ko ba ta sha. Ga 'yar ƙasa da shekara 30, gwajin Pap duk shekara, idan uku a jere suka fito lafiya sai a koma duk shekara uku. Ga mai 30 zuwa sama irinki, ko dai a bi wannan tsarin, ko a haɗa Pap da gwajin HPV lokaci guda, idan duka biyun lafiya a dawo bayan shekara uku. Sauran mata akan sallame su daga gwaji a shekara 65, mai lupus ba a sallamarta, har iya rayuwa ne. Tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya tafi kusa da haka: sauran mata su fara gwajin HPV a shekara 30, su maimaita bayan 5 zuwa 10, masu HIV su fara a 25, su maimaita bayan 3 zuwa 5. Idan ma'aikaciyar asibiti ta ce miki ki dawo bayan shekara biyar ko goma, ki gaya mata kina da lupus da sunayen magungunanki, don ba lallai ta tambaya ba.

Gwaji iri uku ne za ki iya tararwa. Na Pap, ana sa ƙarfe ko robar buɗe gaba, a goga ɗan buroshi a zoben nan, a aika abin da aka gogo ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Na HPV yana neman ƙwayar cutar ce kanta, ya fi Pap kamawa, kuma a wasu wurare mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta a bayan labule. Na ukun shi ya fi yawa a ƙananan asibitoci: a shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a jira cikakken minti ɗaya, a haska fitila, inda ya lalace sai ya yi fari fat mai kaifin gefe. Yana da araha, ana samun sakamako nan take, amma ya dogara da idon mai dubawa, kuma ba ya aiki sosai idan al'ada ta ɗauke, don a lokacin zoben yakan shige cikin ƙofar mahaifa inda ido ba ya kaiwa. Wannan ya shafe ki kai tsaye, saboda cyclophosphamide na iya ɗauke wa mace al'ada tun tana da ƙuruciya. In har al'adarki ta ɗauke ko ta fara tsallake, ki nemi Pap ko gwajin HPV. Sashen mata na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, nan ne wurin da ya fi dacewa da mai irin lalurarki, don likitan mata da mai duba lupus ɗin suna iya magana da juna.

Ki zaɓi ranar da ba kya jini. Kwana biyu kafin nan a dakata da saduwa, da matsi kowane iri, da cusa magani, da wanke can ciki, don duk suna share ƙwayoyin da ake son gani ko su rufe su, sakamako ya fito ba a iya karantawa. Idan kina da bushewar gaba, wanda ya zama ruwan dare ga masu lupus da ke da bushewar ido da baki, ki nemi a sa ƙaramin ƙarfe a jiƙa shi da ruwan ɗumi. Idan prednisolone ya taɓa miki ƙashin ƙugu har buɗe ƙafa yana miki wuya, ana iya duba ki a kwance ta gefe, gwiwa a naɗe. Neman mace ta duba ki haƙƙinki ne. Abin bai wuce minti biyar ba. Kada ki bar asibitin sai kin san ranar karɓar sakamako, don da yawa an yi gwajin amma takardar tana nan a ajiye ba wanda ya zo ɗauka.

Idan sakamako ya nuna wani abu, ko da ɗan kaɗan ne, ga mai lupus ba a cika cewa a jira a gani ba, akan tura ta a duba bakin mahaifar da na'urar ƙara girma, a gutsuri ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a auna. In an tabbatar da CIN 2 ko 3, akwai hanya biyu. Ta farko a kashe wurin, ko da ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace ɗorawa, ko da sanyi: minti uku a daskarar, biyar a bari ya narke, uku a sake. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan ana ganin zoben gaba ɗaya, tabon bai wuce kashi uku cikin huɗu na bakin mahaifar ba, bai shige ciki ba, kuma babu alamar sankara. Ta biyu a yanke zoben da siririyar waya mai lantarki bayan allurar kashe zafi, wanda ake kira LEEP. Amfaninta shi ne ana samun naman a auna. Tana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci, abin da lupus ma yake yi, don haka mai son ƙarin haihuwa ta faɗa tun kafin a fara.

Kafin a gutsura ko a yanka, dole likita ya san ko kina shan magungunan hana jini daskarewa, irin su warfarin ko asfirin ko allurar heparin, kamar yadda masu lupus da jininsu ke saurin daskarewa suke yi, a kuma auna ƙwayoyin tsayar da jini, don lupus yana rage su. Kada ki tsayar da warfarin da kanki don za a yi aiki, gudan jini a ƙafa ko huhu ya fi zubar jinin haɗari, likitoci ne za su tsara yadda za a yi. Bayan aikin za ki ga ruwa-ruwa yana fita har mako biyu zuwa huɗu, a ƙaurace wa saduwa da matsi mako huɗu. Zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jinin da ya fi na al'ada, a koma asibiti a ranar, kuma a tuna prednisolone yana ɓoye zazzaɓi. Aikin yana cire wurin da ya lalace ne, ba ya tabbatar da ƙwayar ta bar jiki, kuma ga mai raunin garkuwa abin ya fi saurin dawowa. Gwajin bayan wata 12, ko kafin nan in likita ya ce, wajibi ne.

Akwai kuskuren da ya fi ba ni tsoro ga masu lupus. Mace ta ga jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, sai ita da likitan duka su ɗora wa warfarin ko ƙarancin ƙwayoyin jini ko rikicewar al'adar da magani ya kawo. Ko ta ga farin ruwa mai wari ta ce sanyi ne, ta yi wata shida tana shan maganin sanyi daga kemis zuwa na gargajiya. Ko ta je ta tambayi hukuncin jinin istihala a sallah, ta samu amsa, ta tsaya a nan. Duk jinin da ba na al'ada ba, sai an buɗe an kalli bakin mahaifa da ido, ko da gwajin bara ya fito lafiya. Haka kuma duk wani tsiro, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙaiƙayin da ya daɗe a fatar gaba ko dubura, a nuna, don HPV tana taɓa waɗannan wuraren ma. Dalilin matsawar shi ne idan sankarar ta yi nisa, maganinta gashi ne da na'ura tare da maganin sankara mai suna cisplatin, shi kuwa cisplatin yana cutar da ƙoda, mai ƙodar da lupus ya riga ya taɓa ba lallai ta iya ɗauka ba, ga cibiyoyin gashin 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan.

Allurar rigakafin HPV ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ɓawon ƙwayar ne kawai aka kwaikwaya, don haka mai shan maganin danne garkuwa na iya karɓa. Nazarin da aka yi wa masu lupus da ciwonsu ya lafa, ciki har da na Hong Kong a 2013, bai nuna tana tayar da ciwon ba, sai dai masu shan mycophenolate da prednisolone garkuwar da suke samu takan ɗan gaza ta sauran. A shekarunki amfaninta bai kai na yarinya ba, don ba ta korar irin da ya riga ya shiga, tana tare waɗanda ba ki haɗu da su ba ne. Duk da haka ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka a 2022 ta ba da shawarar a yi wa masu shan irin magungunanki har ƙasa da shekara 45. Allura uku ce: yau, bayan wata biyu, sai a wata na shida. An fi so a yi lokacin da ciwon yake kwance, prednisolone bai kai miligiram 20 a rana ba, kuma ba a yi da ciki. Mai karɓar rituximab, wani maganin danne garkuwa da ake ƙarawa ta jijiya, ta yi allurar dab da lokacin zagaye na gaba, a jinkirta rituximab ɗin mako biyu bayan allurar. Allurar da ake kira Gardasil mai iri huɗu tana tare 6, 11, 16 da 18, mai iri tara ta ƙara 31, 33, 45, 52 da 58. Babu wadda ta ƙunshi 35, wanda ake yawan samu a sankarar matan Afirka, shi ya sa ko an yi allurar gwaji yana nan daram.

'Yarki kuwa tana daidai lokacin. Najeriya ta sa rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum a watan Oktoba na 2023, ta kai sauran jihohi a Mayun 2024, kyauta ga 'yan mata, an fara da 'yan shekara 9 zuwa 14. Ki kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ki tambaya, kada a jira sai an sa ranar aure, don allurar ta fi aiki kafin a fara saduwa, kuma jikin yarinya ya fi na babba amsa ta. Ba ta hana haihuwa, ƙasashe sun yi amfani da ita tun 2006. Abin da akan gani shi ne ciwon dantse na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci jiri, shi ya sa ake zaunar da yarinya minti 15 bayan an yi. Lupus ɗinki ba ya hana a yi mata, kuma in lafiyarta ƙalau allura ɗaya ta wadatar a tsarin ƙasa. Yarinyar da ita kanta take da lupus, ko HIV, ko take shan maganin danne garkuwa, ita ce ɗaya ba ta isar mata ba: aƙalla biyu, in da hali uku, kuma sai uwa ta faɗa da bakinta a wajen allurar, a rubuta ranar dawowa a jikin katin.